Ashe yawancin 'yan Kanada a kudu da Paris suke zaune?

Sadisu: Assalamu alaikum jama'a. Wani zane na ci karo da shi, an ɗauki taswirar Kanada an yayyanka ta da layukan latitud, waɗannan na kwance, kowane layi an ja masa sanda gwargwadon yawan mutanen da ke zaune a kansa. Daga saman taswirar har kusan ƙarshenta sandunan ba a ma ganinsu, sai can ƙasa jama'a suka taru wuri guda kamar laka a gindin randa. An rubuta wai rabin 'yan ƙasar suna zaune ne kudu da digiri 46. To ni a sanina iyakar Kanada da Amurka a kan digiri 49 take. Ta yaya mutum zai zauna kudu da iyakar ƙasarsa? Masana a taimaka mana.

Malam Habu: Wa alaikumussalam Sadisu. Mai zanen bai yi kuskure ba. Layin digiri 49 iyaka ce a yammaci kawai, daga tafkin Lake of the Woods zuwa gaɓar tekun Pasifik. Birtaniya da Amurka suka shata shi a 1818 har zuwa tsaunukan Rocky, aka ƙarasa ragowar a 1846. A gabas kuwa iyakar manyan tafkuna take bi da kogin St. Lawrence, ta nitso kudu sosai. Toronto tana kan digiri 43.7, daidai da birnin Nice na kudancin Faransa. Montreal tana kan 45.5, Ottawa 45.4. Paris kuma tana kusa da 49. Ka ga kenan kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan Kanada suna kudu da Paris. Wani abin da mutane ba sa yarda sai sun buɗe taswira: in kana Detroit ta Amurka kana son shiga Windsor ta Kanada, kudu za ka nufa.

Sadisu: Ikon Allah. Na gode Malam.

Auwal Dan Gaske: To ai wannan ba abin dogon bayani ba ne. Sanyi ne. Kowa na gudun ƙanƙara, sai ya matsa kudu iya inda iyaka ta tsayar da shi. Yawan nisanka da ikweta, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, yawan sanyi, ƙarancin mutane. A ƙidayar 2021 Kanada tana da mutum kusan miliyan 37, amma yankunanta uku na arewa da suka fara daga digiri 60, wato Yukon da Northwest Territories da Nunavut, duka ba su kai mutum 120,000 ba, alhali sun cinye kusan kashi 40 na faɗin ƙasar. Latitud ke raba mutane, shi kenan.

Hajiya Rabi: Auwal ɗana, bi a hankali. Wannan digiri 60 da ka ambata, bi shi da yatsa zuwa gabas ka tsallaka teku. Za ka tarar da Oslo, ka tarar da Helsinki, ka tarar da St. Petersburg mai mutum sama da miliyan 5. Birni ɗaya ya ninka duk arewacin Kanada sau fiye da 40, kuma layi ɗaya suke kai. Stockholm ta Suwidin ma ta ɗan fi garin Churchill na Kanada nisa arewa, amma Churchill mutanenta ba su kai dubu ɗaya ba, babu ko hanyar mota da ta kai can, sai jirgin ƙasa ko na sama, kuma an fi saninta da fararen beyar da ke yawo har cikin gari. In layin ne ke korar mutane, me ya sa bai kori mutanen Suwidin ba?

Auwal Dan Gaske: Hajiya ai kin dawo kan maganata ne. Turai tana da igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin Meziko ta ratsa Atlantika, shi ya sa sanyinta bai kai na Kanada ba. Sanyin dai ne har yanzu.

Hajiya Rabi: A'a, ka sauya magana dai. Da farko cewa ka yi latitud. Yanzu ka koma sanyi. Ba abu ɗaya ba ne, kuma abin da nake nuna maka kenan. Murmansk ta Rasha tana kan digiri 69, tashar jiragen ruwanta ba ta daskarewa duk shekara. Mashigin Hudson na Kanada da ke can kudu da ita nesa, ƙanƙara ke rufe shi fiye da rabin shekara.

Malam Habu: Bari in ƙara wani abu daga cikin Kanada kanta, don kada a ce mun gudu Turai. Ku ɗauki digiri 51. A yamma Calgary ce a kai, mutum wajen miliyan ɗaya da rabi in an haɗa da kewayenta. Ku bi layin nan gabas har lardin Ontario, za ku faɗa wani gari Moosonee a kusa da mashigin James, mutanensa ba su kai 2,000 ba, shi ma jirgin ƙasa ne hanyarsa. Edmonton ta fi su duka nisa, digiri 53.5, kuma tana da mutum sama da miliyan ɗaya. Ita ma tana shan sanyi mai tsanani, ba wai an ɗauke mata ba ne.

Bambancin yana ƙarƙashin ƙafa. Kusan rabin Kanada wani tsohon falalen dutse ne da ƙanƙarar zamanin dā ta kankare masa ƙasa, ta bar duwatsu da tafkuna da fadamu masu cin mutum. Da ka tashi daga Toronto ka yi tafiyar 'yan sa'o'i arewa, gonaki sun ƙare, dutse ya fara. Garma ba ta da abin kamawa a nan. A yamma kuwa filaye ne masu baƙar ƙasa mai kauri da suka miƙa arewa sosai, aka noma alkama, aka shimfiɗa layin dogo, daga baya man fetur ya zo a Alberta. Shi ya sa in ka dubi zanen da Sadisu yake magana da kyau, bayan babban tsallen nan na digiri 43 zuwa 46, za ka ga wasu ƙananan ƙusoshi a 49 da 51 da 53. Vancouver da Winnipeg ne na farko, sai Calgary, sai Edmonton. Zanen ba gangara ba ce mai santsi daga ɗumi zuwa sanyi. Haƙora ne, kowane haƙori birni.

Ummi: Ni dai ina karatu ina ƙaruwa. Malam, digiri ɗaya nisan nawa ne a ƙasa?

Malam Habu: Kusan kilomita 111, Ummi, kuma ko'ina a duniya haka yake da ɗan bambanci kaɗan. Na tsaye ne, wato longitud, ke tsukewa in ana matsawa sama ko ƙasa. A digiri 60 ya koma rabi.

Auwal Dan Gaske: Na ji batun ƙasar noma. Amma ku dubi duniya gaba ɗaya mana. Mutum nawa ke zaune sama da digiri 60? Kaɗan ne ƙwarai. Duk dabarar da za a yi, ba za a musa wannan ba.

Injiniya Nafisa: Yaya Auwal ba wanda ya musa cewa can ƙurya sanyi na hana zama. Matsalar ita ce ƙa'idarka ta "kusa da ikweta, yawan mutane" ba ta aiki a inda yawancin bil'adama suke. In an yi wa duniya duka irin wannan zane, kamar yadda wani mai zana taswira, Bill Rankin, ya yi a 2008, sandar da ta fi tsawo ba a ikweta take ba. Tana wajen digiri 20 da wani abu zuwa 30 da wani abu arewa. Kusan rabin mutanen duniya suna arewa da digiri 27.

Kuma ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Layin nan na digiri 23.5 arewa ya ratsa tsakiyar Bangaladash, ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 160 a fili da bai kai murabba'in kilomita 150,000 ba. Shi dai wannan layi ya ratsa kudancin Libiya da Aljeriya, inda za ka yi tafiyar yini ba ka ga hayaƙin gida ba. Jihar Uttar Pradesh ta Indiya, tsakanin digiri 24 da 30, a ƙidayar 2011 tana da mutum kusan miliyan 200. Maƙwabciyarta a layi ita ce tsakiyar Sahara. Rana ɗaya ke dukansu, tsawon yini ɗaya. A bisa al'ada wannan yanki na hamada ne, domin iskar da ta tashi sama a ikweta ta zubar da ruwanta a can, a nan take saukowa a bushe. Kudancin Asiya ta tsira ne saboda iskar damina da ke ɗebo ruwa daga tekun Indiya, da kogunan da ke gangarowa daga Himalaya.

Auwal Dan Gaske: Injiniya kin kai mu duniya, alhali tambayar kan ƙasa guda ce.

Injiniya Nafisa: Kai ka fara cewa a dubi duniya gaba ɗaya fa 😄

Bala Mai Raha: Auwal yau ka shiga hannun mata, Allah ya fid da kai lafiya.

Baba Ilu: Ku yi haƙuri da tsoho ya sa baki. Ni ina ganin tambayar da ya kamata a yi ita ce: wace ƙasa ce irin wannan zane yake faɗin gaskiya a kanta, wace ce kuma yake ɓoye ta? Ku ɗauki Chile. Tsawonta wajen kilomita 4,300 daga digiri 17 zuwa 56 kudu, faɗinta kuwa a matsakaici bai kai kilomita 200 ba. Ƙasa irin wannan in ka yanka ta a kwance, ka gama sanin komai. Arewa hamadar Atacama, mutane sai inda ake haƙar tagulla kamar Antofagasta. Can kudu iska da ruwa da tsibirai. Tsakiya kuwa, a digiri 33, yankin Santiago shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na jama'ar ƙasar, mutum sama da miliyan 7 cikin miliyan 17 da rabi a ƙidayar 2017. Ka lura Auwal, a Chile ɓangaren da ya fi kusa da ikweta yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin mutane.

Masar kuma zanen zai yaudare ka. Zai nuna maka akwai mutane a kowane layi tun daga Aswan a digiri 24 har Iskandariyya a 31, da babban tudu a Alƙahira da inda Nilu ya rarrabu kafin ya shiga teku. Sai ka ɗauka ƙasar a cike take daga sama har ƙasa. Alhali wajen kashi 95 na Misirawa a bakin kogin nan suke, a wani siririn zare. A wasu wurare a kudu, mutum na iya tsayawa da ƙafa ɗaya a gona, ɗaya a rairayi. Kogin ne ya yi sa'ar gudu daga kudu zuwa arewa, shi ya sa ya taɓa kowane layi.

Malam Habu: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan shi ne zancen. Rasha ma haka: kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta suna ɓangaren Turai, yamma da tsaunukan Ural. Wanda ya yanka ta a kwance kawai ba zai ga wannan ba sam, don Mosko da dazukan tsakiyar Saiberiya za su faɗa cikin sanda ɗaya.

Injiniya Nafisa: Sin ta fi kowa ƙin wannan wuƙa. Nata layin a karkace yake. Wani masanin ƙasa, Hu Huanyong, ya ja shi a 1935 daga Heihe a arewa maso gabas zuwa Tengchong a kudu maso yamma. A lokacin kashi 96 na jama'a suna gabas da layin. Bayan duk abin da ƙasar ta gani na yaƙi da juyin juya hali da gina masana'antu, har yanzu wajen kashi 94 ne. Layin kuma ya kusan bin iyakar inda ruwan sama ke isar noma. Ba kwance yake ba, ba tsaye ba.

Auwal Dan Gaske: To ni ma ga nawa misalin. Norwe: arewacinta duka bai ɗauki kashi 10 na mutanen ƙasar ba. Suwidin: yankin Norrland ya fi rabin ƙasar, mutanensa kashi 11 ko 12. Finlan ma jama'a a kudu suka taru. Uku kenan, ga Kanada ta huɗu. Ko su ma falalen dutse ne?

Hajiya Rabi: Wannan ka kawo hujja mai kyau, ba zan ƙi ba. A ƙasashen da suka miƙa har cikin da'irar Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, lokacin noma yana gajarta in ana yin arewa, ga duhun hunturu. A nan latitud yana da hannu sosai. Amma ka ga ƙasashen da ka zaɓo duka a gefe ɗaya na duniya suke. Juya ka dubi Ostiraliya. Arewacinta ne kusa da ikweta, ya kai kashi 40 na faɗin ƙasar ko fiye, amma mutanensa wajen kashi 5 ne. Sydney tana digiri 34, Melbourne kusan 38. Su nesa da ikweta suka gudu. Kuma ko wannan bai kai muhimmancin teku ba, don fiye da kashi 80 na 'yan Ostiraliya ba su wuce kilomita 50 daga gaɓa ba.

Auwal Dan Gaske: Kenan mutane na neman tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi. Har yanzu latitud ne.

Baba Ilu: Tsibirin Java fa, ɗana? Tsakanin digiri 6 da 9 kudu, zafi da gumi duk shekara, mutum sama da miliyan 150, fiye da rabin Indunisiya a kashi 7 na ƙasarta. Borneo da ke kan ikweta daidai, ga girma, amma ba ta kama ƙafar Java ba. Tokar duwatsu masu aman wuta ce ta ba Java ƙasar da ake noman shinkafa sau biyu ko uku a shekara.

Ummi: Baba to Habasha da Ekwado fa? Na taɓa karanta cewa manyan biranensu ba su da zafi duk da suna kusa da ikweta.

Baba Ilu: Tudu ne 'yata. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6 na ma'aunin Salshiyas. Quito tana kusan kan ikweta amma a mita 2,850 take. Addis Ababa ta haura mita 2,300. Mutanen Habasha tun dā a kan tuddai suka fi taruwa, inda sauro bai cika kaiwa ba kuma ruwa ya fi sauka. Zanen layukan kwance bai san hawa ba.

Injiniya Nafisa: Akwai kuma wata matsala ta lissafi da ba a taɓo ba. Sandar tana ƙirga kawuna ne kawai, ba ta tambayar faɗin ƙasar a wannan layi. Layin da ya ratsa ƙasa a inda take da faɗin kilomita 3,000 zai iya tara mutane da yawa ko da a warwatse suke, wani layin kuma ya ratsa ɗan tsukakken wuri mai cunkoso ya fito gajere. In ana son adalci sai a raba yawan mutanen da faɗin ƙasar da ke cikin wannan yanki. A Kanada yin hakan ƙara tsananta abin yake yi, don kudancin Ontario ɗan lungu ne. Kaurin yankan ma yana sauya hoto: in ka yi digiri biyar-biyar, Toronto da Montreal na iya rabuwa ko su haɗe gwargwadon inda ka fara ƙirga. In ka yi rubu'in digiri, sai ka ga kowane birni ya tsaya shi kaɗai.

Sannan idonmu ya riga ya lalace da taswirar Mercator ta 1569, wadda ke kumbura duk abin da ya yi nisa da ikweta. A kanta Girinlan kan yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Arewacin Kanada babba ne kuma fanko ne, gaskiya, amma bai kai yadda allo ke nuna shi ba.

Sadisu: Anti Nafisa, shi wancan layin da aka ce ya raba jama'a gida biyu, yana motsi ko a kafe yake?

Injiniya Nafisa: Yana motsi. Amurka ce ta fi bin diddigin irin wannan. Hukumar ƙidayarsu kan fitar da wurin da nauyin jama'a ya daidaita bayan kowace ƙidaya. A 1790 yana jihar Maryland, gabas da Baltimore. A 2020 ya kai kusa da wani ƙaramin gari, Hartville, a jihar Missouri. Yawancin tafiyar yamma aka yi, kusan a kan digiri 39, sai daga tsakiyar ƙarni na 20 ya karkata kudu, yanzu yana wajen 37.4. Dubi Phoenix a hamadar Arizona: a 1950 mutum wajen 107,000, a 2020 miliyan 1.6.

Auwal Dan Gaske: Yawwa! Me ya kai su Phoenix? Na'urar sanyaya ɗaki. Da babu ita wa zai zauna a wannan wuta? Wato yanayi ne ya tsare su tun farko, fasaha ta buɗe ƙofa. Kun ga dai ba ku rabu da ni ba.

Malam Habu: Na'urar ta taimaka, Auwal, amma ba a shan iska mai sanyi. Madatsun ruwa na kogin Salt da magudanar da aka haƙa daga kogin Colorado su suka sa birnin ya iya ɗaukar wannan jama'a. Ga arahar filaye, ga ayyukan soja da masana'antu bayan yaƙin duniya na biyu. Kuma in fasaha da kuɗi na iya kai mutane inda yanayi ya hana, ai ka rushe ƙa'idarka da hannunka. Norilsk tana digiri 69 a Saiberiya, rana kan ɓace mata wajen wata ɗaya da rabi a hunturu, ƙasarta a daskare take duk shekara har sai an kafa gidaje a kan turaku don kada ɗumin ɗaki ya narkar da gindinsu su nitse. Mutum sama da 170,000 ke ciki. Ma'adinin nikel ne ya ajiye su, kuma waɗanda suka fara gina ta daga 1935 fursunonin aikin dole ne, ba wanda ya tambaye su ko suna son sanyi.

Auwal Dan Gaske: Norilsk ɗaya ce Malam. A cire tallafi da ma'adinin a gani ko mutum goma za su kwana.

Hajiya Rabi: A cire Nilu ma a gani ko Alƙahira za ta kwana.

Auwal Dan Gaske: Hajiya wannan ba ɗaya ba ne, kogi Allah ya ajiye shi, ba gwamnati ba.

Hajiya Rabi: Nikel ɗin wa ya ajiye?

Bala Mai Raha: 😂😂 Auwal ka nemi ruwa ka sha.

Sadisu: Anti Nafisa, in mutum yana son ya gwada yin zanen da kansa, da me zai fara?

Injiniya Nafisa: Ka nemi alƙaluman ƙidaya a matakin ƙananan yankuna, ba na jihohi ko larduna ba, don lardi ɗaya kamar Ontario ya miƙa daga ƙasa da digiri 42 har kusan 57, in ka dunƙule shi a maki ɗaya ka ɓata aikin. Kowane yanki ka sa masa latitud na tsakiyarsa, ka jera su daga kudu zuwa arewa a Excel, ka riƙa tara adadin har ka kai rabin jimla. Inda ka tsaya nan ne layin. Fara da Chile, ita ce ba za ta ba ka wahala ba. In ka gama ka yi na Brazil ka turo mana, ina so Yaya Auwal ya gaya mana abin da São Paulo ke yi a digiri 23.5 kudu da mutum sama da miliyan 20 in an haɗa da kewayenta, alhali Amazon na kan ikweta.

Auwal Dan Gaske: Turo dai, ina nan. Amma a haɗa da na Finlan.